Ɗakin Shiru na Bar-Mini

Idan ana lissafa masu baki a layin nan, da Bar-Mini ake farawa. Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma in ka zauna da shi na ɗan lokaci za ka tashi kana zaton shi ya koya wa likita allura, shi ya nuna wa direba sitiyari. Sunan ma daga bakinsa ya samo shi. Famfo ya lalace, "bar mini." Mota ta ƙi tashi, "bar mini." Duk abin da aka bar masa kuwa sai an nemo masu gyara biyu, ɗaya ya gyara abin, ɗaya ya gyara gyaran.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya, muryar matarsa. Malama ce a makarantar firamare, ta saba magana da aji cike maƙil da yara ba lasifika. Mace ce mai kirki, tana son mijinta, amma in ya yi ɓarna ba ta iya haɗiye magana, kuma ba ta san yadda ake faɗa ƙasa-ƙasa ba. Gidan hayar da suke ciki kuwa bangonsa siriri ne, in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu.

Ranar da abin ya kai maƙura, dutsen gugarta ya gyara. Kafin ya taɓa shi, ba ya zafi ne kawai. Bayan ya taɓa shi, ɗorawa ɗaya ta yi a kan rigar da ta fi so, sai ga tabarma tana leƙowa ta cikin rigar. Abin da Malama ta faɗa a safiyar nan, har mai sayar da gawayi a bakin titi ya samu rabonsa.

Da yamma Bar-Mini ya zo bencin ƙofar shagon mai aski, inda mazan layin ke taruwa. Ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar ba abin da ya faru.

"Ni fa a gidana," in ji shi, "gyaran murya kawai nake yi, kowa ya shiga taitayinsa. Ba na magana biyu."

Mai aski ya ɗaga reza daga kan da yake askewa. "Gaskiyarka. Da safe ma mun shaida. Ko ɗaya ba ka yi ba, balle biyu."

Tela, wanda shagonsa ke kallon na mai aski, ya leƙo da zare a baki. "Wai da gaske ne an ce ko fitilar hannu ka sake kuncewa, a shago za ka kwana?"

Mai kemis mutum ne mai kunya, ya kau da kai, amma kafaɗunsa suna ta rawa don dariya.

Bar-Mini ya taya su dariya, sai dai abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Faɗan kansa bai dame shi ba, ya saba, wani lokaci ma ya san shi ya jawo. Abin da ke cin ransa shi ne a ji. Mutum ya gina girmansa a waje da gumin bakinsa, kullum safiya bango ya riƙa fitar da shi ana rabawa a layi? Ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Ku saurara. Filin nan nawa na ƙarshen layi, gini zan fara. Zan yi ɗakin da ko bindiga aka harba a ciki, wanda ya jingina da bangon yana gyangyaɗi ba zai farka ba."

"Ka taɓa gini?" in ji tela.

"Sauti na sani. Ni da na yi furfura cikin lasifika? Sauti ba shi da wayo, in ka tare masa hanya komawa yake inda ya fito. Ku bar mini."

Washegari ya saɓa ƙaramar rediyo a kafaɗa ya nufi gidan bulo. Mai bulo ya tare shi da fara'a, ya nuna masa ɗan inci shida, da ɗan inci tara, da jan bulo da aka gasa. Bar-Mini bai ko tambayi farashi ba. Ya ƙwanƙwasa wannan da ɗan yatsa, ya kara kunne a wancan, ya shinshina na ukun. Sannan ya kunna rediyo ya cusa ta cikin ramin bulo ya rufe da wani. Sai murya ta fito da kauri fiye da da.

"Ka gani! Ramin nan munafuki ne, shi ke ƙara wa magana gishiri." Ya nuna wani tsibin bulo. "Zaga bayan wancan ka yi magana in ji."

Mai bulo ya zaga. "Malam, in ba saye za ka yi ba, ka ba mutane wuri."

"Na ji ka tar. Wannan bulon bai yi ba. Zaga bayan wancan."

Haka suka yi ta zagaye gidan bulon, mai bulo yana maimaita magana ɗaya, kowane zagaye yana ƙara ɗaga murya, Bar-Mini yana kushe bulo. Garin ja da baya don ya auna nisan sauti, ya taka cikin layin ɗanyen bulo da aka shanya. Ya yi tsalle ya fita, ya dira kan wani layin. Kafin a kamo shi ya tattake rabin aikin safiyar. A ƙarshe ya zaɓi ɗan inci tara marar rami, mai nauyin tsiya, aka kuma haɗa masa da waɗanda ya taka, tunda sun riga sun ɗauki sawunsa.

Maginin da ya ɗauka mutum ne mai sauƙin kai, wanda bai taɓa musu da mai aiki ba. Ko ka ce a fara da rufi a ƙare da harsashi, amsarsa ɗaya ce: "Yadda ka ce, maigida." Wannan hali ya yi wa Bar-Mini daɗi, ya riƙa yaba shi a benci cewa yana da ɗaukar karatu.

Falo da kicin an yi su kamar na kowa. Ɗakin kwana ne abin kallo, domin nan ake yanke wa Bar-Mini hukunci. Da bangon ya kai kafaɗa, Malama ta kawo wa ma'aikata abinci. Bar-Mini ya ce dama ta samu. Ya shiga ciki ya tsuguna a kusurwa, ya ce ta tsaya waje ta yi magana.

"Baban yara," in ji ta, "hularka ce nake gani cikin kwaɓin siminti?"

Daga can tsakiyar layi mai aski ya amsa: "Ita ce, Malama!"

Bar-Mini ya fito fuska a murtuƙe. "Bango ɗaya bai isa ba. A ƙara wani a bayansa, a bar fili a tsakani. In magana ta tsallake na farko, ta faɗa rami."

"Yadda ka ce, maigida."

Bango na biyu ya tashi ta waje, ya ci lungun da ke tsakanin filin da gidan tela. Matar tela ta zo wucewa da bahon wanki, baho ya maƙale, ba gaba ba baya. Sai ga tela da tef ɗinsa a wuya, yana huci. Ya auna lungun, ya ɗaga tef ɗin sama kowa ya gani.

"Ko wando nake ɗinkawa ina barin wurin zura ƙafa! Ta ina iyalina za su wuce? Ta sama?"

"Ci gaba ne ya zo layin, sai an yi haƙuri."

"To ci gaban ya matsa ciki."

Dattawan layi suka taru, aka rushe bangon, aka ce in ƙari yake so ya yi ta cikin filinsa. Bar-Mini ya ce dama haka ya tsara, gwaji ne na waje. Aka gina na biyu ta ciki. Ana cikin haka mai walda na bayan layi ya tada injinsa, Bar-Mini ya kara kunne a bango ya ji ƙarar. Bai tuna cewa ɗakin ba rufi ba tukuna. Nan take ya ba da umarnin bango na uku, shi ma ta ciki.

Da Malama ta zo duba aiki, ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta buɗe hannuwa, yatsunta suka kusa taɓa bango da bango.

"Ina gadona zai zauna?"

"Gado ai kafinta ke yin sa, kafinta ke rage shi."

"Durowa fa?"

"A falo ta fi kyau."

"Baban yara, ɗakin kwana na ce ka gina mana ko akurkin kaji?"

"Ƙaramin ɗaki ya fi riƙe sirri, Malama. Kuma don Allah ki rage murya, ma'aikata na ji."

"Ma'aikata? Ai su suka gina!"

Saura abin da za a cusa a tsakanin bangayen. Bar-Mini ya ce a wani gidan rediyo da ya taɓa leƙawa, kwalin ƙwai ya gani a manne a bango. Ya bi masu sayar da ƙwai ya tara kwali har ya yi tsibi a ƙofar filin. Kafin gari ya waye awakin layi sun yi buki, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya koma ga dusar katako, ya kwaso buhu-buhu daga wurin kafinta aka ɗura. Ba a daɗe ba gara ta ji labari, ta zo da danginta, ta gama da dusar ta fara gaisawa da katakon da magini ke takawa. Ranar da katakon ya karye da magini a kai, yana kwance cikin yashi ya ɗaga kai ya ce, "Yadda ka ce, maigida, amma a canja shawara."

Sai aka zo kan katifa. Bar-Mini ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffin katifu. Matan layi suka ga ta faɗi gasassa, kowa ta fito da wadda ta rasa inda za ta jefar, har da waɗanda yara suka yi shekaru suna yi wa ban-ruwa. Aka yayyanka aka danna tsakanin bangaye da sanda. Tun ba a gama ba magini da leburorinsa suka fara susa, suna aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin riga, domin katifun ba su zo su kaɗai ba, da kuɗin cizonsu suka zo. Sannan aka tafka ruwan sama kafin a yi rufi. Soso ya sha ya ƙoshi, bangon ciki ya turo ciki waje, wani irin wari ya gauraye layin har mai kemis ya fara sayar da ƙyallen rufe hanci.

"Bangonka ya samu juna biyu," in ji mai aski. "Yaushe ne suna?"

"Jahilci ke damunku. Bango mai tudu ya fi tarwatsa sauti. Da gangan na yi."

Taga kuwa ya ce ko a mafarki. Taga ita ce bakin ɗaki, shi kuma ɗaki marar baki yake so. Kafin a kai ga rufi ƙarfin aljihu ya ƙare a bango, sai aka ɗora kwano mafi arha, aka yi silin da falle ɗaya na kwali. Bar-Mini bai damu ba, ya ce sama ba kowa sai tsuntsaye, su kuwa ba sa zama a benci.

Ranar da aka rufe, ya shiga da rana tsaka don ya ɗanɗani aikinsa. Bai jima ba ya fito da rarrafe, riga sharkaf, yana buɗe baki yana neman iska. Da ya farfaɗo ya ce ɗan gyara kaɗan ya rage. Ya sa aka huda bangayen uku, aka zura manyan bututun roba guda biyu irin na magudanar ruwa, bakinsu yana kallon layi. A tsakiyar kowane ya sa gwiwa.

"Iska tana iya shan kwana," ya bayyana wa magini, "amma magana miƙewa take yi. In ta zo gwiwar nan sai ta buga kai ta faɗi."

"Yadda ka ce, maigida."

Ƙofa ce ta ƙarshe. Mai walda ya ƙera ta da ƙarfe falle biyu, aka ɗura yashi a tsakani, sai da ƙarti suka yi nishi kafin ta hau. Bar-Mini ya hana a yi ramin makulli, ya hana a sa mariƙi ta ciki, wai duk huda ɗaya ƙofar gulma ce. Aka manna sakata ɗaya ta waje, na ɗan lokaci, kafin ya ƙirƙiro dabara. Sannan ya aika gida-gida cewa ranar hutu da yamma kowa ya zo ya ga abin da ba a taɓa gani ba.

Abin da Bar-Mini bai sani ba shi ne, ana gobe gwaji Malama ta zo share gidan. Tun daga ƙofar tela ta ji wani yana rera waƙa, murya ƙatuwa, har da amsa-kuwwa. Ta shiga ta tarar magini ne a ɗakin shiru, ƙofa a rufe, yana ɗan gunguni yana shafa filasta. Kwano ya ɗauka, bututu ya ƙara masa ƙarfi ya miƙa wa layi.

Ta so ta je ta same shi ta zazzage masa. Sai ta tuna yadda ya rame a kan ginin nan, yadda yake zama a bakin gado yana zana bango a tafin hannu. Tausayinsa ya kama ta. Ta nufi benci.

"Don girman Allah ku rufa masa asiri. Gobe duk abin da kuka ji, ba ku ji ba."

"Malama," in ji mai aski, "yau ke ce ke roƙon shiru?"

Ta yi masa kallon da take yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba, ya gyara zama. Kowa ya yi alkawari. Sa'a ɗaya aka yi, Bar-Mini ya tafi kasuwa can nesa, in ba haka ba da ya ji sirrin da kunnensa.

Ranar gwaji layi ya cika, maza a gaba, mata a bakin ƙofofi. Bar-Mini ya fito cikin sabuwar riga, taɓarya a hannu ɗaya, tsohon bahon ƙarfe a ɗayan.

"Jama'a, zan shiga a kulle ni. Zan daki bahon nan. Zan yi kururuwa kamar ana yanka ni. Zan kira sunayenku ɗaya-ɗaya in ce ku cece ni. Wanda ya ji ko ƙis, ya ɗaga hannu."

"To in ba ma jin ka, yaushe za mu buɗe?" in ji mai kemis.

Bar-Mini ya duba, ya ga tela ya cire hula yana fifita. Sanƙo ne da shi, ɗan gashin da ya rage bai wuce na bayan kunne ba. "Mai aski ya aske wa tela kai. In ya gama, a buɗe."

Aka kawo kujera, tela ya zauna. Malama ta tafi tsohon gida ɗauko wa baƙi ruwan sanyi. Bar-Mini ya ɗaga wa jama'a hannu ya shige, aka tura ƙofa, aka zura sakata.

Ciki duhu, sai ɗan haske daga bututu. Ya daki baho, ƙarar ta kusa tsinka masa kunne. Ya tsaya ya saurara. Shiru, ko motsi babu daga waje. Bai san mutane ne suka toshe baki da hannu ba. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga kai har ƙafa. Ashe dai ya yi! Sai ya ga ai wannan dama ce ta fitar da abin da ya daɗe a ciki.

"Mai aski!" ya ƙwala. "Askinka kamar ɓera ya kwana a kan mutum! Don ba wani a layin ne muke zuwa!"

A waje mai aski ya dakata. Ya dubi rezarsa, ya ce ta dakushe. Ya koma shago ya ɗauko dutse, ya zauna ya fara wasa ta a natse.

"Tela! Wandon da ka ɗinka mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo! Buhu ma ba ka iya ɗinkawa ba!"

Tela ya yunƙura zai tashi, aka danne shi. Ya koma ya ce wa mai aski a hankali, "Kada ka yi sauri. A gyara mini gemu ma."

Bar-Mini ya ji ƙarfi ya zo masa. Ya ɗaga taɓarya ya fara dukan bangon nan mai ciki, yana yi yana kirari. A can sama, inda bango ya haɗu da silin, akwai wata kafa da aka manta ba a toshe ba, kuma tun bayan ruwan saman nan rina suka samu wuri mai ɗumi a cikin katifa suka kafa gari. Duka na farko suka yi haƙuri. Na biyu suka leƙo. Na uku suka fito gaba ɗaya.

Ta farko a wuya ta same shi. Ta biyu a leɓe.

"Wayyo! Rina! Ku buɗe!"

Ya yar da taɓarya ya faɗa kan ƙofa yana laluben mariƙin da shi da bakinsa ya hana a sa. Ɗakin ba wurin gudu, in ya kauce wa bango ɗaya sai ya yi karo da ɗaya.

"Mai aski, ɗan'uwana, wasa nake yi! Tela, wandon ya yi daidai! Wayyo ta shiga wando! Ta shiga wando! Ku cece ni!"

A waje mutane suka dubi juna suna gyaɗa kai. "Kai, mutumin nan ya iya kwaikwayo," in ji mai walda. Matar tela ta cusa bakin mayafi a baki, hawaye na zuba. Mai aski yana bin gashin tela ɗaya-ɗaya, yana ja da baya yana duba aikinsa. Mai kemis kaɗai ya ɗan karkata kai ya saurara, sannan ya sulale ya nufi shagonsa.

Malama tana tsakiyar layi da bokitin ruwa ta ji. Ta dire bokitin ta taho da gudu.

"Ku buɗe ƙofar nan!"

"Malama, ai ke kika ce..."

"Na san muryar ƙaryarsa, da ita nake kwana nake tashi. Wannan ba ita ba ce. Ku buɗe!"

Aka zare sakata, ƙarti suka ja. Bar-Mini ya faɗo waje, rina na biye da shi, taro ya watse. Tela ya ruga da kumfa a rabin fuska, mai aski ya shige ƙarƙashin kujerarsa. Sai da magini ya kunna tsumma ya bi ɗakin da hayaƙi sannan mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya.

Bar-Mini yana zaune a kan bulo, ido ɗaya ya rufe, leɓe ya kumbura ya yi gaba. Ya dubi jama'a da idon da ya rage. Da ƙyar maganar ta fito.

"Kun ji wani abu?"

Suka dubi Malama. Suka dubi ƙasa.

"Ko ƙis," in ji mai aski.

"Shiru kake ji," in ji mai walda.

Ai kuwa sai Bar-Mini ya miƙe, ciwo ya tafi hutu. "Kun gani! Ina can ina fama da mutuwa, ko sauro bai fito da labari ba. Wa ya ce ban san gini ba? Duk mai son irinsa ya zo mu zauna, amma ku sani sai an bi layi, ba na..."

Sai ga mai kemis ya kutso yana haki, leda a hannu. Bai san inda aka kwana ba, shi dai taimako ya kawo.

"Sannu, sannu. Ga na sha, ga na shafawa. Ka shafa a wuya da leɓe. Wadda ta shiga wando kuma, in ka shiga ciki Malama ta duba maka."

Bar-Mini ya tsaya da hannu a sama.

"Wa ya ce maka ta shiga wando?"

Mai kemis ya juya ya dubi Malama. Tela ne ya kasa daurewa, ya share kumfar fuskarsa ya matso.

"Kuma tunda magana ta fito, wandon nan lafiyarsa lau. Ƙafarka ce ɗaya ta fi ɗaya."

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta fashe gaba ɗaya. Wasu suka zube ƙasa, wasu suka riƙe bango, bangon nan dai mai inci ba adadi. Bar-Mini ya bi su da ido, ya ɗaga kai ya dubi bututun nan biyu da suka buɗe baki suna kallon layi, ya gane komai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gidan haya. Duk wahalar nan, ashe lasifika ya gina.

Malama ta karɓi ledar daga hannun mai kemis. Ta kama hannun mijinta. "Taho," ta ce. Suka shiga ɗakin, ta sa aka turo ƙofa.

Nan da nan dariya ta tsaya. Kowa ya san abin da ke tafe, kuma yau ga bututu. Aka yi rige-rigen samun wuri a ƙarƙashinsa, tela ya hau kujerar aski ya kara kunne.

A ciki Bar-Mini ya jingina da bango ya runtse idonsa mai lafiya, yana jiran saukar aradu. Sai ya ji sanyin magani a wuyansa. Sannan ya ji numfashinta dab da kunnensa, da wata 'yar siririyar murya da bai taɓa sanin tana da ita ba.

"Ba ka da wayo, Baban yara. Ka cinye mana ɗaki, ka tara mana kuɗin cizo, ka zagi maƙwabta. Gobe za ka rushe bango biyu, ka fasa mini taga, ka je ka ba mai aski haƙuri. In ka sake cewa bar mini a gidan nan, ni da kai ne." Ta shafa masa magani a leɓe. "Wannan kuma kai kaɗai ka ji shi."

Faɗa ne cikakke, ba ta rage ko kalma ba, amma tunda yake bai taɓa jin mai daɗinsa ba. Ƙwalla ta taru a idon da ke buɗe. Ya ce rina ce.

Da aka buɗe musu ƙofa ya fito, ya tarar da rabin layi cunkushe a ƙarƙashin bututu, kunnuwa a sama, fuskoki duk a yamutse kamar waɗanda aka hana kallo.

"Kun ji wani abu?"

Mai aski ya sauko daga kan bulon da ya taka, yana sosa ƙeya. "Wallahi wannan karon ba mu ji ba. Na rantse, ko kalma ɗaya."

Bar-Mini ya gyara zaman hularsa a kan kumburarren kai, ya shafa bangon da tafin hannu.

"Ai na gaya muku," in ji shi. "Ɗazu simintin ne bai gama bushewa ba."